ƘARAMIN TUMATIR A BAYAN GIDA: JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan jawabi ne domin Hakimai da malamansu, su karanta, sa'an nan su sa a karanta wa dagatai da masu unguwa ranar da suka taru, su kuma su kai wa talakawa. Abin da ya ƙunsa ba babban aiki ba ne, ba ya bukatar rance ko inji. Magana ce ta gindin tumatir goma a bayan ɗaki, da amfanin da za su yi wa gida a watannin da tumatir ya ke gagarar talaka.

DALILIN WANNAN JAWABI

Babu Hakimin da bai san halin kasuwar tumatir a ƙasarsa ba. Daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da na lambu ya nuna, sai ya cika kasuwa har a rasa mai taya shi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, filayen Kadawa da Kura da Garun Malam suka zama manyan wuraren noman rani, ga kuma Danja da sauran fadamun Katsina da Zazzau. A lokacin nan manyan motoci su kan kwashi kwanduna zuwa Ikko, abin da ya rage kuwa wani lokaci manomi ya kan zubar da shi a bakin hanya, don kuɗin mota ya fi kuɗin kayan.

Amma da bazara ta tsananta, ruwan fadama ya janye, sai labari ya sha bamban. Daga wajen Mayu har tsakiyar damina tumatir ya kan yi tsada ƙwarai, a kasa guda huɗu ko biyar a kuɗin da dā a ke cika kwano. Wannan kuwa shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin hannun magidanci ya tafi wajen taki da 'yan ƙwadago. Sai uwargida ta karɓi kuɗin cefane ta rasa yadda za ta yi da shi, miya ta tsinke, yara su yi watanni ba su ga ɗanyen abu ba. Alƙalai da masu unguwa sun sani, rigingimun aure da yawa daga bakin murhu su ke farawa.

Abin da ya faru a 1916 babu mai tunawa, amma na 2016 kowa ya gani da idonsa. A shekarar nan wata tsutsa da masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuma suka sa mata suna sharon, ta auka wa lambuna a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir cikin watan Mayu. Gidan da miyarsa duk ta dogara ga kasuwa ya ji jiki. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

WANE NE ƘARAMIN TUMATIR?

Shi ne mai ƙananan 'ya'ya kamar ɗinya ko kanya, waɗanda ke fitowa a jere bisa reshe guda. Mutane sun saba ganinsa ya tsiro don kansa a juji ko gefen rariya, yara na tsinka suna wasa da shi, manya kuwa ba su kula ba don sun ɗauka na banza ne. Alhali shi ya fi kama da tumatir na asali. Mafarin tumatir duka daga Amurka ta Kudu ne, wajen ƙasashen Peru da Ikwado, inda har yanzu a ke samun na daji mai 'ya'ya kamar ƙwayar gujiya. Mutanen Meksiko suka noma shi tun tuni, daga harshensu ma sunan ya fito, sa'an nan Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu a duniya. Manyan da a ke gani a kasuwa, zaɓen iri ne na shekaru masu yawa ya kumbura su.

Abin da ya sa a ke jawo hankali gare shi abu uku ne. Na fari, ya fi babban jure zafi. Idan rana ta yi ƙuna, dare kuma bai yi sanyi ba, furen babban tumatir ya kan kaɗe ba tare da ya ƙulla ɗa ba, ƙaramin kuwa ya kan ƙulla, ko da ya ke ba kamar na lokacin ɗari ba. Na biyu, ba ya nuna gaba ɗaya. Kullum sai a sami na tsinka kaɗan kaɗan har wata biyu ko fi, watau daidai da bukatar tukunya. Na uku, ya fi zaƙi, don haka kaɗan daga cikinsa ya kan ba miya ɗanɗano.

Amma kada a ruɗi kowa. Wannan ba amfanin kai wa Ikko ba ne, tsinkarsa tana da cin lokaci, kuma tsutsar nan ba ta ƙyale shi. Fifikonsa shi ne yana kusa da ido. Mai eka biyar ba ya iya duba kowane ganye, mai gindi goma kuwa yana iyawa kafin ya karya kumallo.

SAMUN IRI

A zaɓi gindi mai lafiya, wanda ganyensa bai nannaɗe ba, a tsinki 'ya'yan da suka nuna sarai, a matse su a cikin kwano, a bar su da ruwansu kwana biyu ko uku har su yi tsami. Tsamin nan shi ke cire yauƙin da ke lulluɓe ƙwayar. Sa'an nan a zuba ruwa a wanke, a zubar da wanda ya taso sama, a shanya wanda ya kwanta a inuwa bisa ƙyalle. In ya bushe ƙayau a zuba a kwalba tare da ɗan busasshen toka, a toshe, a ajiye inda babu zafi ko laima.

Wanda zai sayi iri na cikin takarda ya duba ranar da aka rubuta a jiki. In ya ga alamar F1, to, irin aure ne. Yana ba da amfani da kyau, amma in aka ɗebi iri daga 'ya'yansa, abin da zai fito ba lalle ya yi kama da uwar ba. Don haka mai son ya riƙa ajiye irinsa shekara da shekara, gara ya nemi na gida wanda ya saba da ƙasar.

WURI DA GYARAN ƘASA

Tumatir na son rana kamar awa shida a yini. Wurin da ya fi kyau shi ne gabashin katanga ko ɗaki, inda zai sha hantsi, inuwa kuma ta rufe shi bayan azahar. Kada a dasa a ƙarƙashin babban itace, ko inda ruwa ke kwanciya, ko kusa da masai.

A kafce ƙasa zurfin ƙafa ɗaya, a cuɗa ta da takin da ya ruɓe sarai, na awaki ko na shanu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai ya daɗe a tare kafin a yi aiki da shi. A barbaɗa toka kaɗan. In da damina za a yi, a ɗaga kunya sosai domin ruwa ya wuce.

Mutanen birni da ba su da fili ba a bar su a baya ba. Tsohon buhu, ko fasasshiyar randa, ko bokitin da ya huje, duk suna ɗaukar gindi guda guda. A cika su da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, a tabbata akwai huda a ƙasa don kada ruwa ya taru ya ruɓar da saiwa, ya kuma tara sauro. Wannan aiki ne da matan da ba su fita za su iya yi a tsakar gida.

Abu na gaba da kome shi ne shinge. Akuya ɗaya tana iya ɓata aikin wata biyu kafin a idar da sallama da baƙo, kaji kuma su tone dashe su tsattsage 'ya'ya. A kewaye wurin da darni ko ƙaya tun ba a zuba iri ba.

RENO DA DASHE

A yi ɗan kwami, ko a sami tsohon kwano, a yafa iri ba da yawa ba, a rufe da ƙasa sama sama, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin mako guda ko kwana goma zai tsiro, sai a janye ciyawar. Bayan mako huɗu zuwa biyar, sa'ad da ya yi ganye huɗu ko biyar, ya isa dashe.

A jiƙa kwamin tukuna, a cire tsiron da ƙasarsa, a dasa da la'asar sakaliya domin ya kwana cikin sanyi. A nutsa karan har kusa da ganyen farko, gama tumatir yana fid da sabuwar saiwa a duk inda ƙasa ta rufe karansa. A bar ƙafa biyu tsakanin gindi da gindi, watau kamar santimita 60. Cunkoso shi ke kawo cuta. Bayan kamar wata biyu da dashe za a fara tsinka.

Wajen lokaci, kada a zuba iri duka rana ɗaya. Gidan da ke son kada miya ta yanke ya yi reno sau uku. Na farko a Fabrairu, domin a fara tsinka a Mayu, daidai shigowar tsada. Wannan shi ya fi wuya, don furensa zai gamu da zafin Afrilu, sai an yi masa 'yar rumfa ta kara mai barin haske. Na biyu a Mayu, a dasa da faɗuwar damina. Na uku a Satumba ko Oktoba, domin lokacin ɗari, wanda shi ne ya fi ba da amfani, daga cikinsa kuma za a yi kauɗa.

BAN RUWA DA TOKARA

A zuba ruwa a gindi, ba bisa ganye ba, da sassafe ko da yamma, kuma kullum daidai gwargwado. In aka bar shi ya sha ƙishi, sa'an nan aka malala masa ruwa, 'ya'yan su kan tsage, waɗansu kuma ƙasansu ya yi baƙi. Ruwan alwala da na wanke hatsi ko shinkafa duk suna da kyau, bai kamata a zubar da su a banza ba. Amma ruwan wanki mai sabulu da yawa, da na kwata, ba su dace ba. A lulluɓe gindin da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, ƙasa za ta daɗe da laima.

Ƙaramin tumatir yana da yaɗo. In aka bar shi a ƙasa, 'ya'yan su ruɓe, ƙwari su samu mafaka. A kafa sanda ko gora mai tsawon mutum kusa da kowane gindi tun ranar dashe, a riƙa ɗaure shi da tsumma sako sako yayin da ya ke girma. A cire ganyen ƙasa da ke taɓa turɓaya, a rage 'yan rassan da ke fitowa a hammatar ganye domin iska ta ratsa.

ABOKAN GABA

Tsutsar sharon ɗiyar wani ɗan ƙaramin ƙwaro ce mai fiffike, wanda ke yawo da dare. Asalinsa Amurka ta Kudu, an fara ganinsa a Sifen a 2006, daga nan ya ƙetaro Afirka. Macen tana iya yin ƙwai fiye da 200, tsutsar kuma ta kan shige cikin ganye ta ci tsokarsa ta bar fata fara kamar takarda, shi ya sa feshi ba ya cika samunta. A bayan gida maganinta ido ne. Duk ganyen da aka ga farin tabo a jikinsa a tsinke, a murje tsutsar, a ƙone ko a binne, kada a jefa a juji.

Akwai farin ƙuda, ɗan mitsitsi, mai zama a bayan ganye. Shi ke yaɗa cutar da ke sa ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, gindi ya tsumbure. Gindin da ya kamu ba ya warkewa, a tuge shi tun bai shafa wa sauran ba. Ƙwallon darbejiya yana rage waɗannan ƙwari. A daka shi, a jiƙa giram 50 cikin lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma sama da ƙasan ganye, mako mako.

In gindi ya riƙa yaushi alhali yana samun ruwa, a tuge a duba saiwar. In ta yi ƙulli ƙulli, to, wata tsutsa ce ta cikin ƙasa wadda ido ba ya gani. Kada a sake dasa tumatir a wurin sai an shekara biyu ko uku, haka ma tattasai da attarugu da gauta da dankalin Turawa, don dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. A sa masara ko albasa a tsakani.

Game da maganin kanti kuwa, a yi hattara ƙwarai. Wannan shuka tana tsakar gida ne, inda yara ke tsinka su kai baki. Kada kowa ya fesa mata ragowar maganin auduga ko na wake. In abin ya gagara, a nemi malamin gona.

TSINKA DA GIRKI

A tsinka da safe, waɗanda suka yi ja sosai, tare da 'yar hularsu, don sun fi daɗewa haka. In hadari ya haɗo, a kwashe nunannun kafin ruwa ya sauko ya tsaga su. A ajiye a faifai a inuwa, kada a tara su cikin leda.

Ya kamata a ci shi iri biyu, ɗanye da dafaffe, gama kowanne da amfaninsa. Ɗanyen yana da bitamin C, wanda wuta ke ragewa, shi kuwa yana taimakon jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, abin da mata masu ciki da yara ke bukata. Saboda haka a wanke shi da ruwa mai tsabta, a raba biyu, a zuba cikin kwaɗon zogale ko na rama tare da ƙuli-ƙuli da albasa, ko bisa wake da shinkafa da ɗan wake. Wankewar nan wajibi ce, ko da daga bayan ɗaki aka tsinko.

Jan da ke jikinsa kuma wani sinadari ne wanda jiki ya fi samu in an dafa da mai. A miyar dage-dage, a jajjaga shi da tattasai da attarugu, a soya albasa tukuna cikin man gyaɗa ko manja, a zuba jajjagen, a rage wuta, a bar shi har ruwan ya tsotse, mai ya taso. Da ya ke fatarsa da ƙwayoyinsa sun fi na babban yawa, wadda ba ta son jin su a baki ta tafasa shi kaɗan, ta murje a rariya. Haka a ke yi masa a dafa-duka da fate da miyar taushe. Mata da yawa sun saba jefa kanwa don kashe tsami. Kanwa tana ɓata bitamin ɗin nan, ƙaramin tumatir da ya nuna sarai kuwa ba ya bukatarta. Albasa da haƙurin suya sun isa.

KAUƊA

In na lokacin ɗari ya yi yawa, a raba kowanne biyu, a jera cikin yana kallon sama, bisa tabarma mai tsabta a kan rumfa ko rufin ɗaki, a rufe da tsohon gidan sauro don ƙuda da ƙura. Da iskar hunturu 'yan kwanaki sun isa. Kada a shanya a ƙasa ko a bakin titi, inda dabbobi ke takawa, yashi ya shiga. In ya bushe sarai a zuba a tulu ko kwalba a toshe. Wanda ya yi fumfuna a zubar. Da damina a jiƙa shi cikin ruwan ɗumi, a niƙa da ruwan jiƙon.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

1. Kowane Hakimi ya sa a dasa gindi goma ko ashirin a gidansa, inda masu zuwa gaisuwa za su gani. Gani ya kori ji. Talaka ba ya raina abin da ya gani a ƙofar Hakimi.

2. Ya umurci dagatai da masu unguwa su yi haka, su kuma yi reno fiye da bukatarsu, su raba wa maƙwabta, musamman gidajen marayu da tsofaffi.

3. A ja kunnen masu dabbobi su ɗaure su. In akuya ta yi ɓarna a sasanta da adalci tun abin bai zama gaba ba, don mutumin da aka cinye wa sau biyu ba zai sake dasawa ba.

4. A nemi shugabannin makarantu su ware ɗan wuri, yara su koya, su kai gida.

5. A isar da maganar ga mata ta bakin matan gidan sarauta da ungozomomi, gama yawancin aikin a hannunsu zai kasance, rarar da aka sayar kuma haƙƙinsu ce.

6. Malamai su rubuta ƙauyukan da suka fara, da watan da aka dasa, da watan da aka fara tsinka, da irin cutar da aka gani. Su rubuta abin da ya auku tsakani da Allah, ko da bai yi kyau ba, gama rahoton da aka ƙawata ba ya amfanar kowa. In an ga alamar sharon a gari, a sanar da malamin gona a ranar, don abin da ya ɓulla a bayan gida gobe yana lambu.

Wanda ya zuba iri a Fabrairu, shi zai tsinka a Mayu. Saboda haka a fara neman iri da karan darni tun yanzu. Allah ya ja zamanin Hakimai, ya ba da damina mai albarka, amin.